Gwanin da Ake Turo wa Mutane

A Kantin Kwari za ka tarar da shaguna biyu jere da juna, atamfa iri ɗaya, shadda iri ɗaya, farashi ma kusan ɗaya. Mai shagon farko yana zaune yana jiran wanda Allah zai kawo, da ya ga mai wucewa ta ɗan rage tafiya sai ya miƙe: "Hajiya, shigo mana, akwai sababbin kaya." Maƙwabcinsa kuwa ba ya yawan kira. Mutum zai sauko daga motar Maraɗi ko ta Yola da jaka a kafaɗa, ya ratsa layi bayan layi yana tambayar shagon da sunan mai shi, ya wuce rumfuna da dama masu irin kayan da yake nema bai ko waiga ba. Da ya iso aka gaisa, maganar farko da zai yi ita ce, "Alhaji wane ne ya ce in zo wajenka." Daga nan rabin ciniki ya riga ya faɗa, saura tayi da sallamawa.

Wasu kan ce farin jini ne, wasu su ce laƙani aka ba shi. Arziki na Allah ne, wannan ba a ja. Amma duk wanda ya zauna kusa da irin waɗannan mutane ya lura da yadda suke tafiyar da yininsu zai ga aiki ne suke yi, aiki mai tsari da haƙuri, wanda ake koya kamar yadda ake koyon awo da lissafi. Ni kam ina ganin babu wata gwaninta a kasuwa da ta kai wannan daraja, domin ita kaɗai ce ba a saye da kuɗi.

Sai mutum ya fahimci abin da mai turowa yake bayarwa kafin ya gane nauyin abin. Wanda ya ce wa surukinsa "je wajen wane, ka ce ni na turo ka" ya ara wa ɗan kasuwar nan mutuncinsa ne. In atamfar ta zuba a wankin farko, surukin ba shago zai fara komawa ba, wanda ya turo shi zai fara yi wa kallon tuhuma, kuma maganar za ta shiga cikin gida. Shi ya sa mutane suka fi rowar suna a kan rowar kuɗi. Aboki zai iya ranta maka dubu hamsin bai yi dogon tunani ba, amma ya yi shekara yana jinjina ko ya haɗa ka da ubangidansa. Gwanin da nake magana a kansa ya san haka, don haka dukan dabararsa a wuri ɗaya ta tattaru: ya sa wanda zai ambaci sunansa ya ji hankalinsa a kwance.

Kakanninmu sun kai wannan sana'a matuƙa, har Turawa masu nazari suka zo suna rubuta yadda take. A Sabo ta Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a shekarun 1962 da 1963 yana lura da cinikin shanu da na goro. Abin da ya tarar a kasuwar shanu ya isa a tsaya a kansa. A lokacin, shanu kusan 75,000 ake sayarwa a shekara. Masu kawo su fatake ne daga arewa, masu saye kuwa mahauta ne Yarabawa. Harshe daban, gari daban, babu wanda ya san gidan wani. Mahauci yawanci ba shi da kuɗin sa a hannu, sai ya yanka ya sayar da nama sannan ya biya. Falke kuma ba shi da halin riƙe dabbobinsa ya jira mai kuɗi, domin kurmi ƙasar ƙudan tsando ce, shanun arewa in sun daɗe a can sammore zai kama su su rame. Dole a sayar da wuri, dole kuma a sayar bashi, ga wanda ba ka taɓa gani ba. Kuma duk wannan dukiya tana yawo ba tare da an sa hannu a takarda ba.

Wanda ya riƙe ginin shi ne maigida. Falke in ya iso, gidan maigidansa yake sauka. A nan zai kwana, a nan zai ci, a nan za a ajiye masa kuɗinsa. Maigida ne zai haɗa shi da dillali, dillali ya kai shanun kasuwa ya nemo mahauci. In mahaucin ya ƙi biya, maigida ne ya tsaya, daga aljihunsa za a cika wa baƙo kuɗinsa. To ka ga dillalin da ke aiki a ƙarƙashin irin wannan lamuni ba zai yi wasa da sanin mutane ba. Dole ya san wane mahauci ne yake biya a kan lokaci, wane ne bashi ya yi wa katutu, wane ne kasuwarsa ta fara ja da baya. Wannan sani shi ne hajarsa ta gaske, ba shanun ba. Mahaucin da ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai bi dillalai, ya wayi gari babu mai ba shi sa bashi. Maigidan da ya bari kuɗin baƙonsa ya salwanta, fatake za su kai labarin arewa, baɗi a ga baƙinsa sun sauka a gidan wani. Shi kuma falken da aka riƙe da kyau, in ya koma gida ƙanensa ya tashi tafiya kudu, ba sai an roƙe shi ba zai ce masa, "In ka isa Sabo ka nemi gidan wane." Irin wannan tsari ne wata masaniya mai suna Polly Hill ta bayyana a Kumasi, kuma shi ne ya riƙe hanyar goro ta Gwanja tun zamanin da ayari ke tashi daga Kano zuwa Salaga.

Abin da ke burge ni a nan shi ne, babu wanda ya zauna yana fatan a ambace shi da alheri. Kowa ya ɗauki wani nauyi da zai iya jawo masa asara, kuma wannan nauyin ne ya sa maganarsa ta yi tsada. Maigida in ya ce "wannan mahaucin a ba shi," ana ba shi, domin an san in an samu matsala shi zai biya.

A cikin gida kuma akwai dillaliya, wadda ban ga an ba ta yabon da ya kamace ta ba. Tana shiga gida bayan gida da ƙunshinta, zannuwa, kwanuka, 'yan kunne, wani lokaci har gado da katifa ana jiran ta kawo mai saye. Ta san wadda za ta aurar da 'ya bayan Sallah tana haɗa kayan ɗaki, ta san wadda lalura ta kama tana son sayar da sarƙarta ba tare da kishiya ta ji ba. Da za ta saki baki sau ɗaya, da ƙofofi goma sun rufe mata a rana guda. Ba ta faɗa wa sabon gida kai tsaye, za ta yi sallama ta ce, "Maman wance ce ta ce in leƙo, wai kina neman kwalla." Matan da ke sayar da turaren wuta da kayan kicin ta WhatsApp a yau jikokinta ne a sana'a, kuma waɗanda suka yi nisa a cikinsu su ne waɗanda suka gaji riƙon sirrinta.

Yanzu a dawo kan mai sana'ar yau, a ce mai haɗa sola, ko mai ɗinki, ko ma'aikacin banki da aka yanka wa adadin asusun da zai kawo a wata. Kuskuren da aka fi yi shi ne a nemi a turo mutane a daidai lokacin karɓar kuɗi. A wannan lokacin mai saye bai san abin da ya saya ba tukuna, zuciyarsa tana kan kuɗin da ya fita. Gwanin mai sola yakan bari sai bayan mako biyu ko uku, ya koma da kansa ya duba batir, ya share ƙurar da ta hau faifan, ya tambaya ko firij yana kaiwa asuba. In maigidan ya ce, "Wallahi tun da ka haɗa ban sayi fetur ba," to yanzu ƙofa ta buɗe. Kuma ko a nan akwai yadda ake tambaya. Wanda ya ce "Alhaji, in ka ji mai so ka turo mini" amsar da zai samu ita ce "To, in sha Allahu," daga nan shiru. Ba ƙin taimako ba ne. An ba mutum aiki mai faɗi da bai san ta inda zai kama ba. Gwani yakan ƙuntata tambayar har ta dace da fuskar mutum ɗaya: "Alhaji, cikin masu shago a layinku, wa ka ga janareta ya fi wahalar da shi?" Nan take Alhaji zai tuna mai ƙanƙarar da ke kusurwa. Sai gwani ya ƙara wani mataki da marasa haƙuri kan tsallake: "In kira shi in ce kai ka ba ni lambarsa, ko ka fi so ka fara yi masa magana?" Ambaton sunan mutum ba da izininsa ba sata ce, kuma ranar da aka gane, an rasa mutum biyu.

Sai kuma komawa da labari, wanda a ganina nan ne ake bambance gwani da mai sa'a. Ko ciniki ya faɗa ko bai faɗa ba, yakan kira wanda ya turo: "Ranka ya daɗe, mutumin nan ya zo, mun daidaita, na gode." Ko kuwa, "Ya zo, amma abin da yake nema ya fi ƙarfin kuɗin da ya tanada, na ba shi shawara ya dakata." Wanda ya ara maka sunansa yana nan yana ɗar-ɗar har sai ya ji yadda aka ƙare. In ka sauke masa wannan nauyi, gobe zai sake turowa ba tare da fargaba ba. In kuma matsala ta faru, kaya suka zo da aibi ko aiki ya yi jinkiri, gwani ba ya bari mai turowa ya ji daga bakin wani. Shi zai fara zuwa ya faɗa, ya kuma faɗi yadda zai gyara, ko da gyaran zai cinye ribar.

Kuma yakan riga bayarwa. A tsoffin 'yan kasuwa za ka ji mutum ya ce, "Ba ni da irin wannan, amma je shago na uku daga nan, ka ce ni na turo ka, zai yi maka sauƙi." Sabon shiga yakan ga kamar an yar da kuɗi ne. Alhali mai sayen ya tafi da shaidar cewa wannan mutum ba ya tura wa mutane abin da ba su nema ba, maƙwabcin kuma ya ɗauki bashin alheri da zai biya wata rana. A Amurka har ƙungiya aka kafa a kan wannan, BNI, wadda Ivan Misner ya fara a 1985: masu sana'o'i daban-daban suna haɗuwa mako-mako, mutum ɗaya daga kowace sana'a a kowane reshe, suna tura wa juna masu saye. Layin kasuwa da majalisar ƙofar gida sun daɗe suna yin wannan aiki ba tare da rajista ba.

Akwai wani abu da hankali bai cika kawowa ba. Za a zaci 'yan uwa da aminai ne za su fi kawo mutane. A 1973 wani masani ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya fitar da bincikensa a kan mutanen wani gari kusa da Boston da suka samu sabon aiki ta hanyar wani da suka sani. Ya tarar mafi yawansu ba ta hannun wanda suke gani kullum suka ji labarin aikin ba, ta hannun wanda suke haɗuwa da shi jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake in an yi tunani: amininka mutanen da ya sani kai ma ka san su, labarin da ya ji kai ma ka ji. Wanda kuka yi firamare tare ya koma Fatakwal, ko direban da ke kawo kaya daga Dawanau sau ɗaya a wata, shi ne yake shiga inda ƙafarka ba ta zuwa. Don haka gwani ba ya raina gaisuwar nesa. Yana zuwa ɗaurin aure, yana zuwa suna, yana zuwa ta'aziyya, yana kiran mutum ya yi masa barka da Sallah ba tare da wata buƙata a bayan kiran ba. Zumunta a ƙafa take. Sai dai ba ya buɗe haja a waɗannan wurare. Mai raba katin shagonsa a zaman makoki ya sayar da mutuncinsa da arha. Abin da ake so kawai a san ka, a san abin da kake yi, a tuna ka da fuskar alheri ranar da buƙata ta taso.

Wanda ya fi shahara da mayar da wannan lissafi a ƙasashen Turawa shi ne Joe Girard, mai sayar da motocin Chevrolet a yankin Detroit. Tsakanin 1963 da 1978 ya sayar da mota 13,001, ɗaya bayan ɗaya ga mutane ɗaiɗai, har sunansa ya shiga kundin Guinness. A 1973 kaɗai ya sayar da 1,425. Ya ce ya lura masu shirya jana'iza da masu shirya biki sukan yi tanadin mutum kusan 250, sai ya ɗauka cewa bayan kowane mai saye akwai mutum 250 da za su ji yadda aka yi da shi. Mu da muke ganin cikar ɗaurin aure a ƙofar masallacin Juma'a mun san adadin nan bai yi yawa ba. Kowane wata yakan aika wa duk wanda ya taɓa saye a wajensa katin gaisuwa, kuma duk wanda ya turo masa mai saye ciniki ya faɗa, yakan biya shi dala 25, ba ya jinkiri.

Wannan ya kawo maganar la'ada. Malaman fiƙihu ba su hana dillali ladan aikinsa ba; abin da aka hana shi ne ɓoye aibin haja, da sa wani ya yi tayin ƙarya don a ɗaga farashi. A kasuwar dabbobi ma a fili ake faɗa, la'ada ciki ko la'ada waje, kowa ya ji. Inda abin yake lalacewa shi ne mutum ya ce wa ɗan uwansa "don Allah na turo ka" alhali an yi masa alkawarin kaso, kuma an ɗora kason a kan kuɗin ɗan uwan. Irin wannan ba ya ɓoyuwa har abada. Gwani yakan fi son alherin da zai yi wa mai turowa ya fito daga ribarsa shi, kuma ya zama abin da ba zai ji kunya ba in mai saye ya sani. Wani ma kuɗi ɓata masa rai zai yi. Dattijon da ya turo maka mutum don yana ganin kirkinka, ziyara da turmin atamfa na iyali da Sallah sun fi masa ambulan.

To amma duk wannan na wanda ya riga ya samu mutanen farko ne. Wanda ya fara jiya fa, wa zai turo masa? Babu makawa sai ya yi sallama a ƙofar da ba a san shi ba, ko ya buga lambar wanda bai taɓa jin muryarsa ba. A nan ne jarumai da yawa suke zubewa. Saurayi zai riƙe waya, lambar tana kan allo, gabansa yana faɗuwa, tafin hannunsa yana gumi, bakinsa ya bushe. Sai ya ce bari a yi azahar tukuna. Bayan azahar ya ce yanzu mutane na cin abinci. Ya sake jera sunayen a sabuwar takarda, ya ce sabis ba kyau, har magariba ta yi. Ba ragwanci ba ne, domin wannan saurayin zai iya sauke kaya daga mota tun safe har dare.

A wajenmu tsoron yana da saiwa biyu. Akwai wanda kowane ɗan Adam yake da shi, na kada a ƙi shi. Akwai kuma wanda tarbiyya ta dasa: an raine mu da cewa ɗan mutunci ba ya roƙo, ba ya cusa kai, ba ya tare babba da magana. Sai saurayi ya ji kamar in ya kira baƙo yana tallar kaya ya zama ɗan maula. Wannan kunya abu ne mai kyau da aka ajiye a inda ba wurinsa ba. Mai roƙo yana neman a ba shi ne ba tare da ya kawo komai ba. Wanda ya zo wa mai ƙanƙara da hanyar da zai daina ƙona ribarsa a fetur, alheri ya kawo, ko an karɓa ko ba a karɓa ba. Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, sai da ya bi hanyar goro har Accra, ya yi ciniki da mutanen da ba su san asalinsa ba, kafin ya zama attajirin da ake ba da labari. Birnin Kano da dukiyar irin waɗannan masu shiga garin da ba a san su ba aka gina shi.

Masana halayyar ɗan Adam sun bayyana yadda tsoron yake girma. Duk lokacin da ka ajiye wayar ba ka kira ba, sai ka ji sanyi a ranka, kuma wannan sanyin shi ne yake koya wa zuciya cewa gudu ne mafita. Gobe tsoron zai dawo ya fi na yau. Maganin da suke amfani da shi ga masu fama da tsoro shi ne a tunkari abin kaɗan-kaɗan, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a maimaita har jiki ya gane babu abin da zai faru. Iyayen gida a kasuwa haka suke yi wa yaransu ba tare da sun karanta littafi ba. Yaron shago ana fara aikensa wajen wanda ya san shi, ya kai saƙo ya dawo. Daga baya a tura shi karɓo bashi, inda dole ya tsaya a gaban babba ya faɗi abin da ba a son ji. Sannan a ba shi samfur a ce ya zaga layin da ba a san shi ba. Kafin a sallame shi ya buɗe nasa shagon, an riga an ce masa "albarka" sau babu adadi, ya ga bai mutu ba. Abin kamar wankan ruwan sanyi ne da hunturu, kwanon farko ne mai wuya. Shi ya sa gwanaye sukan fara kiran da safe kafin tunani ya taru, kuma sukan fara da wanda ko ya ƙi ba a yi babbar asara ba.

Wani abin ƙarfafa gwiwa kuma, zuciya tana ƙara gishiri a lissafinta. A 2008 wasu masana biyu, Francis Flynn da Vanessa Lake, suka fitar da wani bincike da suka yi a New York. Sun sa ɗalibai su tare baƙi a hanya su nemi alfarma, kamar a cike musu takardar tambayoyi ko a ara musu waya su yi kira. Kafin su fita sai a tambaye su mutum nawa suke ganin za su tara kafin su samu adadin da ake so. Abin da suka zata ya kai kusan ninki biyu na abin da ya faru. Mai tambaya yana ganin ƙi abu ne mai sauƙi, ya manta shi ma wanda aka tambaya yana jin nauyin cewa a'a. Girard kansa da in'ina ya taso, kuma yana da shekara 35 ya shiga sayar da mota bayan kasuwancinsa ya karye. Da shafukan littafin lambobin waya ya fara, yana kiran mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba.

Sai dai ƙarfin hali kaɗai ba ya isa, akwai ladabin kiran. Gwani ba ya kiran wanda bai san komai a kansa ba. Ya riga ya wuce ta gaban shagon, ya ga abin da ake sayarwa, ya ji ƙarar janareta. In ya kira, ga yadda maganar kan kasance: "Salamu alaikum. Da Alhaji nake magana? Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba. Sunana wane, sola nake haɗawa a Sabon Gari. Na wuce ta shagonka na ga kana sayar da ƙanƙara. In ba ka cikin hidima minti biyu nake nema, in kana ciki ka faɗa mini lokacin da zan sake kira." Kowace gaɓa tana da aikinta. Faɗin "ba ka san ni ba" yana sauke wa mutum wahalar laluben murya, kuma yana raba ka da 'yan damfarar da ke kira suna nuna sabo ko suna cewa daga banki suke, waɗanda suka sa kowa yake ɗaga baƙuwar lamba da shiri. In aka ce "ina ka samu lambata?" gaskiya ake faɗa, a jikin allon shago ko daga wajen wane. Ba wa mutum damar ya ce ba yanzu ba yana sa ya saurara, domin ya ga ba a tsare shi ba. Kuma gwani ba ya ƙoƙarin sayarwa a wannan kiran. Izinin zuwa kawai yake nema, ya zo ya ga wurin, a gaisa ido da ido. Buri in ya ƙanƙanta haka, fargaba ma takan ragu. Ba ya kira lokacin salla, ba ya kira ana shirin masallacin Juma'a, ba ya kira dab da shan ruwa da azumi.

Yana kuma da kunnen jin a'a irin tamu, wadda ba kasafai take zuwa tsirara ba. "Zan neme ka." "Bari in yi shawara." "Allah ya kai mu." Sabon shiga yakan ɗauki waɗannan alkawari ne, ya dinga kira har a toshe lambarsa. Gwani yakan gane, ya yi godiya, ya bar ƙofar a buɗe: "Ba komai, ranka ya daɗe. In ba damuwa, wata nawa kake ganin zan sake tuntuɓa?" Wani lokaci ma wanda ya ƙi saye, don ya ji daɗin yadda aka rabu, shi ne zai ce, "Ni dai ba yanzu ba, amma ƙanena yana gini a Rijiyar Zaki, bari in ba ka lambarsa."

Duk wannan a rubuce yake ajiye shi, a ɗan littafi ko a waya: wa aka kira, yaushe, me ya ce, me yake damunsa. Rubutun yana da amfani biyu. Bayan wata guda mutum zai ga da idonsa cikin kira nawa ake samun ɗaya da ya ce a zo, sai ƙin da ake yi masa ya daina zama hukunci a kan darajarsa, ya koma lissafin da ya riga ya sani. Sannan yawancin masu cewa a'a, "ba yanzu ba" suke nufi. Mai ƙanƙarar da aka kira a Disamba, ana tsakiyar sanyi babu mai neman ruwan sanyi, ba shi da kuɗi kuma ba shi da dalili. A ƙarshen Fabrairu, da zafi ya fara leƙowa, mai sola zai buɗe littafinsa ya ga sunan, ya kira ya ce, "Alhaji, ni ne wanda muka yi magana da sanyi, ka ce in bari sai bazara." A wannan karon Alhaji ya san muryar, kuma janaretansa yana ta ruri a bayansa.